Ranar da Korau Ya Raka Aljani

Masu ba da labari sun ce a zamanin da ƙafa da jaki su ne abin hawan talaka, an yi wani baduku a garin Rafin Kanya, ana ce masa Malam Korau, wanda ya zagaye duniya tsakanin hantsi da la'asar. Ya ga abin da sarakuna ba su gani ba, kuma wallahi bai ji daɗin ko taku ɗaya ba.

Korau mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai yana da wata cuta da ta gagari magani, cutar rakiya. Ko aron basilla ka zo yi gidansa, in za ka tafi sai ya zura takalmi ya taka maka. A wurinsa kuma babu abin kunya irin mai gida ya buɗe baki ya ce zai koma. Sai dai baƙo ya tsaya da kansa ya ce, "To Malam, koma daga nan, na gode." In baƙon ya shagala da hira bai faɗa ba, Korau zai bi shi har inda ƙarfinsa ya ƙare. Haka ya ga ubansa yana yi, haka ya ɗauka, ya kuma ƙara nasa a kai.

Wannan hali ne ya sa auren Hansai ya shiga hatsari. Hansai 'yar ƙanensa ce marigayi, shi ya riƙe ta tun tana rarrafe, shi ne kuma waliyyinta. Tana son wani saurayi maƙeri mai suna Shekarau, mutumin Dutsen Maƙera, shi ma yana sonta. An sa rana, rafi ya cika ya hana mutane hayewa, aka ɗaga. Aka sake sa rana, dangin ango suka zo suka zauna a zaure tun safe, ashe waliyyi ya raka wani mai tallan kanwa, bai dawo ba sai washegari. Baffan ango, Sarkin Ƙira Nomau, mutum ne mai zafin rai. Ya rantse a gaban jama'a cewa wannan Juma'ar ce ta ƙarshe. In aka sauko daga masallaci bai ga waliyyi ba, zai kwance jakinsa, kuma maganar aure ta mutu.

Ranar Juma'ar, tun da safe matarsa Tasalla ta tsare shi a tsakar gida da ludayi a hannu.

"Malam, don girman Allah, yau ko wane ne ya zo, iyakarka bakin zaure."

"Haba Tasalla, ni yaro ne?"

"Ai da yaro ne da sauƙi, sai in goya ka."

Hansai ta leƙo daga ɗaki, hannuwanta sun sha lalle. Ba ta yi doguwar magana ba. "Baffa, yau dai," ta ce.

"Yau dai, 'yata. Ko ƙofar gida ba zan wuce ba."

Da hantsi ya yi sai ga sallama. Wani dogon tsoho ne cikin farar riga, gemunsa har cibiya, ƙafarsa babu ƙura ko kaɗan duk da ya ce daga nesa yake. Kajin gidan suka bar tsaba suka shige ƙarƙashin rumbu, Korau bai lura ba. Baƙon ya roƙi ruwa, aka kawo masa fura ƙwarya guda, ya shanye a numfashi ɗaya, ya sa albarka, ya miƙe. Kafin Korau ya yi shawara da zuciyarsa, ƙafafunsa sun riga sun shiga takalmi. Ya ce a ransa, bakin lungu kawai. Suka wuce bakin lungu, baƙo bai ce komai ba. Suka wuce marina, suka wuce kasuwa, har ƙofar gari. Korau ya rage tafiya, ya yi gyaran murya. Baƙon ma ya rage tafiya, ya dube shi, ya yi gyaran murya. Babu wanda ya ce uffan. Can sai baƙon ya yi ajiyar zuciya, ya kama hannun Korau, ya ɗaga ƙafa.

Ƙasa ta naɗe a ƙarƙashinsu kamar tabarma. Da Korau ya sauke ƙafarsa, babu ganuwa, babu gari, sai wani ruwa da ba a ganin ƙarshensa, yana tasowa yana ruri.

"Ya kai ɗan Adam mai karamci," in ji baƙon, da wata murya da ta girgiza yashi, "ni ne Ƙarmazu ɗan Shailubu, daga aljannun Bayan Teku. Na sha furarka, ga shi kuma ka girmama ni da rakiya. Wannan da kake gani shi ne Tekun Duhu, uban ruwaye."

Korau ya saki salati, ya kama karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Aljanin ya saurara cikin ladabi, ya gyara masa wani wuri da ya yi tuntuɓe, sannan ya ce shi ma Musulmi ne, kada ya ji tsoro.

Tsoro kam ya ɗan sauka, haushi ya maye gurbinsa. To ga inda matsalar take, kuma Korau bai san da ita ba. A wurin aljannun Bayan Teku, baƙo ba ya sallamar mai rakiya. Wannan kora ce a wurinsu, zagi ne da ake zare takobi a kansa. Mai rakiya ne ke cewa zai koma. Muddin kuwa bai faɗa ba, baƙo ba shi da ikon shiga gidansa, sai dai ya yi ta yawo da shi yana nuna masa wurare don kada ya gundura. Saboda haka kowannensu ya zuba wa bakin ɗan'uwansa ido yana jira.

"Zo in nuna maka Ƙasar Ƙanƙara," in ji Ƙarmazu.

Suka taka, sai sanyi ya mari Korau har ƙashi. Ko'ina fari fat. Duwatsun ƙanƙara sun fi kowace kuka tsawo, cikinsu shuɗi kamar ruwan marina, wasu fararen namun daji masu girman bijimi suna kwance suna hamma. Korau, daga shi sai 'yar shara ta zaman gida, ya ɗaga kai yana neman rana don ya san ko azahar ta kusa. Ya same ta can ƙasa-ƙasa, jawur, irin ta magariba.

"Innalillahi! Har rana ta faɗi?"

"Kwantar da hankalinka, ya mai karamci. Ranar nan tun farkon damina take a wurin, ba ta faɗuwa. Mutane na tafiyar shekaru don su zo su gan ta."

"Ranar da ba ta nuna lokaci, mene ne amfaninta?" in ji Korau, haƙoransa na karo da juna.

Ba su yi nisa ba sai ga jerin mutane a tsaye, sun daskare, kowa da sandarsa da jakarsa. A ƙarshen jerin wata mace ce zaune a kan karagar ƙanƙara, girarta fara, numfashinta na tashi sama. Ƙarmazu ya raɗa masa cewa ita ce Sarauniya Zamharira. Duk baƙon da ya shigo sai ya yabi ƙasarta da yabon da ba a taɓa yi mata ba. In ya maimaita na wani, ya shiga jeri.

"Ya kai baƙo," in ji sarauniyar, "an yabi farin ƙasata, an yabi duwatsuna, an yabi ranata da ba ta faɗuwa. Ga masu maimaitawa nan a tsaye. Kai me ka gani?"

Korau bai ga komai ba sai azaba. Ya duba hagu, ya duba dama, ya tuna Hansai, ya tuna Sarkin Ƙira, kansa ya ƙi kawo komai. Haushi ne kawai ya buɗe masa baki.

"Ranki ya daɗe, tun da na shigo dai ban ga sauro ko ɗaya ba."

Sarauniya ta tambayi mene ne sauro. Aka yi mata bayani. Ta yi murna ƙwarai da jin cewa akwai bala'in da ƙasarta ta tsira daga gare shi, ta sa aka saro masa ƙanƙara mai girman turmi, wai tsaraba. Kyauta ba a mayar da ita, balle ta sarauniya. Korau ya naɗe hularsa ya yi gammo, ya ɗora.

Da suka fito sai ya gwada wata dabara.

"Yau Juma'a ce a garinmu," ya ce.

"Allah ya maimaita mana," in ji Ƙarmazu. Idonsa ya yi haske, ya matso yana kallon bakin Korau.

"Akwai kuma ɗan taro a gidana."

"Madalla da gida mai taro! To, sai me, ya mai karamci?"

Maganar ta zo har maƙogwaron Korau. Ya tuna ubansa, ya haɗiye ta. "Babu komai. Labari nake ba ka."

Hasken idon aljanin ya mutu. "Zo in nuna maka Birnin Rataye," ya ce da sanyin murya.

Suka sauka a wani daji mai zafi, inda ganye ɗaya zai rufe ɗaki. Nan take ƙanƙarar ta fara narkewa tana bin wuyan Korau har cikin wando. A gabansu kogi ne, babu gada babu kwalekwale, sai kadoji a jere daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna barci. A kan gadon bayansu ake hayewa, don masu birnin sun hana a naɗe musu ƙasa. Ƙarmazu ya ce sharaɗin ɗaya ne, kada a yi magana, ƙaramar murya ma tana tashinsu.

Suka hau. Korau na takawa a hankali, ruwa na zubo masa a ido. Suna tsakiyar kogi, aljanin nan da ya kafa sharaɗi da bakinsa ya juyo ya yi raɗa, raɗar da ta kaɗa ganyen bishiyoyi.

"Wannan da kake kai yanzu shi ne babbansu, ya girmi kakan kakanka."

Kada ya buɗe ido. Korau bai san yana da gudu haka ba. Ya jefa tsarabar sarauniya da hular duka a bakin da aka wangale masa, ya bi ta kan sauran yana tsalle, wani ya cafke takalminsa na hagu ya haɗiye. Ya zube a gaɓa yana haki. Takalmin nan da hannunsa ya ɗinka shi, musamman don ranar ɗaurin aure.

"Ka ga haƙoransa kuwa?" in ji Ƙarmazu. "Ba kowa ke samun ganinsu ba."

Korau ya haɗiye abin da ke bakinsa, don bai dace a faɗa wa baƙo ba.

Birnin Rataye kuwa abin kallo ne, ko maƙiyi zai faɗi haka. Bishiya ɗaya ce, rassanta sun rufe sama, gidaje da masallatai da rumfunan kasuwa duk a rataye da igiyoyin zinariya suna lilo. Mutanen birnin masu fukafukai ne, suna tashi daga gida zuwa gida da kwanduna a ƙafa. Ƙarmazu na ta nuni, yana kiran sunan kowace unguwa da wanda ya rataye ta. Korau kuwa tsakanin ganyaye yake leƙe yana neman rana. Da ya same ta sai ya ga ta safiya ce, ko hantsi ba ta kai ba. Can magariba, nan safiya. Ya tabbata in ka bar Rafin Kanya, babu tsari a duniyar nan.

"Wai gidan naka da sauran tafiya?" ya tambaya.

"Mun wuce shi tun ɗazu, ya mai karamci."

"Mun wuce shi?"

"Har mun sake wucewa. Ga shi can ma."

Korau ya duba inda aka nuna. Can nesa bisa wani dutse, wata ƙatuwar mace ce tsaye a kan soro, tana kaɗa taɓarya sama, muryarta na isowa kamar tsawa.

"Uwargidana ce," in ji Ƙarmazu, ya sunkuyar da kai. "Tana gaishe mu."

Korau ya san irin wannan gaisuwar, yana da irinta a gida. Amma ya ce a ransa, wanda ya wuce ƙofar gidansa bai sallami mai rakiya ba, wannan ko kunya bai gada ba.

Daga nan abin ya zama hauka. Aka kai shi hamadar da yashinta ke waƙa. Aka kai shi dutsen da ke aman wuta, gemunsa ya babbake gefe guda. Aka hau da shi wani tsauni da ya huda gajimare, inda ake hango ƙasashen duniya a shanye, Korau ya duba bai ga Rafin Kanya ba, ya ce a sauka. Sannan aka nutsa da shi ƙarƙashin teku, zuwa kasuwar da ake sayar da iska a cikin gora. A nan wata tsohuwar 'yar ruwa mai gashi har ƙasa ta tare su.

"Ya kai mai takalmi ɗaya," ta ce, "ina da guguwa, ina da iskar damina, ina da wadda ke kaɗa jirgin fatake. Amma fuskarka ta mai neman wannan ce." Ta ɗaga wata 'yar ƙaramar gora. "Iskar Komawa. Ba a biyanta da komai. Ka buɗe, ka faɗi inda kake son zuwa a gaban abokin tafiyarka, kafin ka rufe baki ka isa."

Hannun Korau ya miƙe da kansa. Ƙarmazu har rawa jikinsa yake yi.

"Karɓi mana, ya mai karamci! Karɓi ka gwada!"

Wannan zumuɗin ne ya ɓata komai. Korau ya ce a ransa, ato, gwada ni yake yi, yana so ya je ya ba aljannu labari cewa mutumin Rafin Kanya ya gudu ya bar baƙonsa a kasuwa. Ya janye hannu.

"Me zan yi da ita, Iya? Ai ina tare da baƙona."

Aljanin ya yi wani nishi da ya watsa kifayen kasuwar. Tsohuwa ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta mayar da gorarta ta ce Allah ya ba su lafiya.

Wuraren kallo suka fara ƙarewa. Ƙarmazu ya yi turus a bakin wani kwari, ya ce ba ya son bi ta nan, amma babu wata hanya. Kwarin Tonon Asiri ke nan, duwatsunsa suna faɗin abin da ke zuciyar mai wucewa, da ƙarfi kuwa. Korau ya tattara hankalinsa ya ɗora a kan abinci. Suna shiga duwatsu suka ɗauka, "Tuwo! Miyar kuka! Man shanu!" Ya ji daɗin dabararsa. Amma zuciya ba ta ɗauruwa. Suna tsakiyar kwarin wani baƙin dutse ya buɗe baki.

"Korau baduku yana cewa: wannan tsohon aljani mara kunya, yaushe zai sallame ni? Da na sani da na ce babu ruwa a gidan!"

Korau ya so ƙasa ta tsage ya shige. Kafin ya nemo abin faɗa, dutsen ɗaya gefen ya amsa.

"Ƙarmazu ɗan Shailubu yana cewa: wannan ɗan Adam mai naci kamar kaska, yaushe zai koma? Ƙafafuna sun kumbura, matata za ta kashe ni, duk a kan fura ƙwarya ɗaya!"

Masu hankali a nan za su yi dariya, su yi musabaha, su rabu lafiya. Su biyun nan kuwa kunya ta riga ta rufe musu ido.

"Duwatsun nan maƙaryata ne, ya mai karamci," in ji Ƙarmazu. "Rakiyarka ta fi mini zuma."

"Ai na gane," in ji Korau. "Ni ma ban taɓa jin daɗin tafiya irin na yau ba."

"Ƙarya suke yi, su duka biyun!" in ji duwatsu gaba ɗaya. Suka ƙara sauri.

Bayan kwarin babu sauran ƙasa. Wani tafki ne kawai, ruwansa ba ya motsi, bayansa kuma babu sama babu ƙasa. Ƙarmazu ya zauna daɓas yana matsa ƙafafunsa.

"Wannan shi ne Tafkin Waiwaye, ƙarshen duniya, kuma ƙarshen abin da na sani. Wanda ya leƙa yana ganin abin da ya baro."

Korau ya leƙa, sai ga ƙofar gidansa. An sauko daga masallaci tuni. Tabarmi na shimfiɗe, mutane na tashi ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe riguna. Ya ga an mayar da huhun goro kan jaki ba a kwance shi ba. Ya ga Sarkin Ƙira ya hau bai yi sallama da kowa ba, Shekarau na biye da kai a ƙasa. Ruwan ya juya ya nuna masa cikin gida. Hansai na zaune a bakin ƙofar ɗaki. Ba kuka take yi ba. Ta zuba wa zaure ido kawai, tana jiran wanda ya ce mata ko ƙofar gida ba zai wuce ba.

Da kuka take yi, da wataƙila ya jure. Jiran nan ne ya karya shi. Ya ji kunyar da ta fi duk wadda yake gudu tun safe. Ya miƙe, ya juya ga aljanin, ya daka tsawa.

"Zan koma! Ka ji ko? Ni Korau zan koma gida! Na gaji da teku, na gaji da ƙanƙara, na gaji da kai!"

Ƙarmazu ya faɗi ya yi sujada. Da ya ɗago, hawaye na bin gemunsa.

"Alhamdu lillahi! Ya kai ɗan Adam, me ya hana ka faɗin haka tun a ƙofar gari?"

"Ni zan faɗa? Kai ne baƙo, kai za ka sallame ni!"

"In sallami mai rakiya? A wurinmu a kan haka ake zare takobi!"

"A wurinmu kuwa mai gidan da ya ce zai koma ba shi da tarbiyya!"

Suka tsaya suna kallon juna, ɗaya da rabin gemu, ɗaya da kumburarrun ƙafafu. Babu lokacin faɗa. Korau ya ce a mayar da shi hantsin yau. Ƙarmazu ya girgiza kai.

"Ƙasa nake naɗewa, ya mai karamci. Lokaci kuwa na Mai shi ne."

"To kada ka kai ni gida. Kai ni hanyar Dutsen Maƙera, gaban mutanen nan."

Yanzu aljani ne ya zama mai rakiya. Ƙafarsu na taɓa hanya suka yi magana a tare, Korau na cewa, "Koma daga nan," aljani na cewa, "Zan koma." Ya ɓace, ko ƙura bai tayar ba.

La'asar ta yi. Ga dangin ango nan tafe, Sarkin Ƙira a kan jaki, limaminsu da dattawa a ƙasa, Shekarau a baya. Sarkin Ƙira ya tsayar da jaki ya ƙare wa Korau kallo, kai babu hula, riga jiƙe, takalmi ƙafa ɗaya.

"Yau kuma wa ka raka?"

"Baƙo, Sarkin Ƙira. Na yi laifi. Ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma a ɗaura auren nan."

"Na rantse, Malam Korau, kuma a gaban mutane. Ba mu da abin yi da gidan da bai ɗauke mu a bakin komai ba. Ba mu hanya."

Korau ya ba su hanya. Da jakin ya wuce sai ya jera da shi.

"Ina kuma za ka?"

"Taka muku zan yi."

Hanyar Dutsen Maƙera tsakuwa ce da ƙaya. Da suka kai wata tsamiya, Sarkin Ƙira ya ce, "To, koma daga nan, mun gode." Tun da uwarsa ta haife shi Korau bai taɓa jin wannan magana ya ƙara taku ba. Yau ya yi kamar ba da shi ake ba. A bakin rafi aka sake faɗa masa. A gindin dutse kuwa da tsawa aka faɗa.

"Wai kai wane irin mutum ne? Na ce ka koma!"

"Ba zan koma ba, Sarkin Ƙira. In koma in ce mata me? Ranar da ubanta zai cika, shi ya sa hannunta a cikin nawa. Yarinyar nan ba ta yi muku komai ba, ni na yi. Zan raka ka har gida. Gobe in za ka maƙera in raka ka, in za ka kasuwa in raka ka, in za ka gona ina gefenka. Yau na ga abin da rakiya ta yi wa wanda ya fi ka ƙarfi, har kuka sai da ya yi."

Wani dattijo ya toshe baki yana dariya. Liman bai yi dariya ba. "Sarkin Ƙira," ya ce, "dubi ƙafarsa."

Ya duba. Duk inda Korau ya ɗaga ƙafar hagu, sai ya bar jini a kan tsakuwa. Sarkin Ƙira ya waiwaya ya dubi Shekarau, wanda tun fitowarsu bai ɗaga kai ba. Ya ja tsaki mai tsawo, ya sauko daga jaki.

"Liman, rantsuwa dai tana da kaffara ko?"

"Tana da ita."

"To ku kwance goron nan. Gara in ciyar da gari guda da in wayi gari kullum in ga mutumin nan a ƙofar gidana."

A nan gefen hanya, a inuwar wata ɗorawa, aka shimfiɗa buzu. Aka miƙa sadaki, Korau ya ba da auren Hansai ga Shekarau, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha. Sarkin Ƙira da kansa ya ɗora Korau a kan jakin, ya ce a aiko masa da abinsa gobe, kuma don Allah kada kowa ya raka kowa.

Korau ya isa gida rana na shirin faɗuwa. Tasalla na bakin zaure, ta tanadi maganar da za ta ishe shi shekara, amma da ta ga kamanninsa sai ta matsa ta ba shi hanya. Hansai na nan zaune a bakin ƙofar ɗaki. Ta miƙe.

"An ɗaura, 'yata," ya ce. "Shekarau mijinki ne. Ki yafe mini."

Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta zaunar da shi, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ta fara cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin hawayen suka zo mata, suna ɗiga a kan ƙafar. Korau ya ji tausayinta ya cika masa ƙirji, har ya kasa kallonta.

"Baffa, wai ina ka je haka?"

Ya buɗe baki zai fara da teku, sai ya ji labarin ya gundure shi tun kafin ya faɗa.

"Babu inda na je mai daɗi, 'yata," ya ce. "Bi a hankali, akwai wata a diddige."